Yadda Za Ka Shawo Kan Kwaɗayin Sitaci da Ciye-ciye Kafin da Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tambaya ɗaya ce take dawo mini da fuska biyu. Masu jiran ranar tiyata suna cewa: likita ya ce in rage burodi da shinkafa da kayan zaƙi, amma da yamma ta yi sai in ji kamar ana jan hannuna. Waɗanda aka yi wa tiyatar shekara guda ko biyu da suka wuce kuma suna cewa: rabin faranti ma ba na iya cinyewa, amma bakina ba ya hutawa, ga sikeli ya fara hawa. Ciwon ɗaya ne. Wuƙar likita tumbi take ragewa, hannun da ya saba kai biskit baki a gaban talabijin kuwa yana nan yadda yake.

Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, har da ke. Kuma duk inda takardar da asibitinka ya ba ka ta saɓa da abin da na rubuta, bi ta asibitin, domin su suka san girman tumbinka da magungunanka.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramin littafi da biro, ko wurin rubutu a waya. Sikelin kicin mai auna giram. Ƙaramin faranti irin na shayi da ƙaramin cokali. Gorar ruwa mai layin awo a jikinta. 'Yan ƙananan robobi masu murfi guda shida ko takwas. Idan kana da ciwon sukari, ko tiyatarka ta karkata hanyar abinci ce wadda ake kira baifas, ƙara da na'urar gwada sukarin jini.

Waɗannan sau ɗaya ake saye. Inda kuɗi ke tafiya da gaske shi ne garin furotin na watannin farko da kuma ƙwayoyin bitamin, waɗanda za ka sha har ƙarshen rayuwa. Sa su a lissafin wata tun yanzu. Kada ka sayi babban gwangwanin garin furotin kafin tiyata, domin ɗanɗano yakan canza bayan aikin, abin da kake so yau gobe ya zame maka abin tashin zuciya. Sayi ƙanana iri biyu ko uku.

KASHI NA FARKO: KAFIN TIYATA

1. Mako guda na rubutu zalla

Fara wata biyu ko uku kafin ranar aiki idan da hali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwana bakwai na farko kada ka hana kanka komai. Aikinka rubutu ne. Duk abin da ya shiga bakinka, rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, mene ne, me kake yi a lokacin, da yadda kake ji a ranka. Har da ɗanɗanon girki, da ragowar abincin yara da ka ƙarasa don kada a zubar, da alawar da ke cikin mota. A take za ka rubuta. Wanda ya bari sai dare ya tuna, abinci uku kawai zai tuna, alhali abin da muke farauta yana tsakaninsu.

Ran na takwas ka ɗauki biro ka zagaye lokutan da suka maimaita kansu. Yawanci ba sa wuce biyu ko uku: la'asar sakaliya lokacin da gajiyar aiki ta sauko, bayan abincin dare, ko duk lokacin da rai ya ɓaci. Waɗannan lokutan ne abokan karawarka, a kansu sauran matakan za su tsaya.

Gargaɗi: kada ka gyara halinka don littafin ya yi kyau. Ba wanda zai ba ka maki.

2. Gwajin dafaffen ƙwai

Yunwar ciki a hankali take zuwa, awa uku ko huɗu bayan cin abinci, kuma ba ta da zaɓi. Yunwar kai kwatsam take faɗowa, tana kiran abu da sunansa: cakulan take so, ko wannan biskit ɗin da ke saman firji. Kuma ƙoshi ba ya kashe ta.

Don haka duk lokacin da hannunka ya miƙa, tambayi kanka: da dafaffen ƙwai ne a gabana babu komai a kai, zan ci? Idan amsar e ce, yunwa ce, je ka ci abinci na gaske. Idan ka ji ranka ya yatsina, kwaɗayi ne. Sha ruwa tukuna, domin ƙishirwa ma takan sa rigar yunwa.

Koyi wannan gwaji yanzu. Bayan tiyata yunwar ciki takan ɓace na watanni, yunwar kai ta rage ita kaɗai a fage, kuma wanda bai taɓa rarrabe su ba zai rantse cewa tiyatar ba ta yi aiki ba.

3. Kafa lokutan cin abinci

Abinci uku, da ɗan ƙari ɗaya ko biyu da ka tsara tun da safe. Kada tazara ta wuce awa huɗu da rana. Sa ƙararrawa a waya idan ta kama.

Mutane da yawa masu fama da ƙiba ba sa karyawa, suna ganin ragi suke yi. Su wuni da shayi, yamma ta yi su faɗa wa duk abin da suka samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar da ta fi kowace faɗi ita ce tsallake abinci.

Abin da za ka karya da shi ma yana da muhimmanci. Farin burodi da shayi mai sukari nan da nan suke zama sukari a jini, jiki ya saki insulin da yawa don ya kwashe shi, bayan awa biyu sukarin ya sauka, sai ka ji kana neman wani abu mai zaƙi. Ka ci, zagayen ya sake farawa. Furotin ba ya yin wannan hawa da sauka, kuma ya fi daɗewa yana riƙe ciki. Nemi giram 20 zuwa 30 da safe. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin madara mai mililita 250 kamar giram 8, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kamar giram 30.

Doka ɗaya ta rufe wannan mataki: ci a zaune, daga faranti, waya a ajiye, talabijin a kashe. Ko gyaɗa goma ce, zuba ta a faranti ka zauna. Za ka yi mamakin yawan ciye-ciyen da wannan 'yar wahala take kashewa.

4. Cire su ɗaya bayan ɗaya

Wanda ya tashi ranar Litinin ya haramta wa kansa komai, zuwa Alhamis yakan rama da riba. Bi wannan jeri.

Makon farko, abin sha mai zaƙi. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kamar giram 35, wato kusan ƙaramin cokali tara. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce a riƙe sukarin da ake ƙarawa a abinci ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, kuma ya fi kyau a sauko ƙasa da kashi 5, wanda ya kama kamar giram 25. Gwangwani ɗaya ya riga ya wuce. Ruwan 'ya'yan itace na kwali da zuma duk suna cikin wannan lissafi. Dama lemo mai gas dole ka rabu da shi bayan tiyata saboda kumburin ciki, gara ku yi sallama yanzu. Idan ka saba shan lemo mai sinadarin kafeyin ko kofi da yawa, rage a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma, domin yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai.

Mako na biyu, kayan leda da na kwali: biskit, cakulan, kek, soyayyen dankali na fakiti. A 2019 Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa ta Amurka ta ajiye mutum 20 na tsawon wata guda, mako biyu suna cin abincin masana'anta, mako biyu suna cin wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa ƙara kamar kalori 500 a rana. Ina kawo wannan ne don ka daina zagin kanka: irin wannan abinci saurin haɗiyuwa gare shi, kafin ciki ya aika saƙon ƙoshi an riga an wuce gona da iri.

Mako na uku, raba farin sitaci biyu. Shinkafa, taliya, burodi, dankali: rabin abin da ka saba, gurbin kuma ka cike shi da wake, kifi, ƙwai, nama marar kitse da ganye.

Koyi karanta bayan fakiti. Duba layin sukari a kowane giram 100. Giram 5 ko ƙasa da haka kaɗan ne, abin da ya haura giram 22.5 ya yi yawa. A jerin kayan haɗi ana fara rubuta abin da ya fi yawa, don haka idan sukari ko wata kalma mai ƙarewa da "ose" tana cikin ukun farko, mayar da shi kan kanta.

Gargaɗi: alawar da aka rubuta wa "babu sukari" sau da yawa tana da sorbitol ko maltitol. Suna kawo kumburi da gudawa, kuma suna barin harshe cikin sabonsa na neman zaƙi.

5. Gyara gidan

Abin da ba ya cikin gida, ba za ka ci shi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba. Kwashe kayan maƙulashe daga ɗaki, mota, jaka da aljihun tebur na wurin aiki. Idan na iyali ne, a sa su a rufaffen wuri ɗaya mai nisa da ido, kuma ba kai za ka riƙa sayowa ba. Kada ka je sayayya da yunwa, kuma je da jerin abin da za ka saya. Goge manhajar odar abinci daga wayarka, ko aƙalla kashe sanarwarta.

Faɗa wa mutanen gida abin da kake so da baki: kada a miƙo maka, kada kuma a zama ɗan sandanka. Sa ido da gori ɓoye ci suke koya wa mutum.

6. Abincin rage hanta

Wannan ne matakin da ya fi wuya kafin aiki. Yawancin asibitoci suna sa mutum a kan abinci mai ƙarancin kalori da sitaci na mako biyu, wasu har huɗu, galibi kalori 800 zuwa 1,000 a rana. Dalili: ɓangaren hagu na hanta yana kwance a kan saman tumbi, kuma dole likita ya ɗaga shi kafin ya yi aiki ta ƙananan huda. Hanta tana ajiye sukari, kowane giram na wannan ajiya kuma yana riƙe ruwa kamar giram uku. Idan aka rage sitaci, ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita, hantar ta motse ta yi laushi. Hanta mai girma da kitse tana iya zubar da jini, tana iya tsawaita aikin, wani lokaci ma likita ya rufe ya ɗage tiyatar.

Kwana uku zuwa huɗu na farko su ne bala'in: ciwon kai, kasala, saurin fushi, warin baki, da mafarkin burodi. Daga nan jiki yakan saba, yunwar ta lafa. Abin da ke taimakawa: raba abincin da aka ba ka gida biyar ko shida a wuni maimakon uku, sha ruwa lita biyu, romo marar kitse mai ɗan gishiri idan an yarda maka, kwanta da wuri, rage zuwa wuraren da ake ciye-ciye. Idan za ka iya, sa ranar farawa ta faɗo lokacin da ba ka da aiki mai nauyi.

Gargaɗi na farko: idan kana allurar insulin ko kana shan maganin sukari irin gliclazide ko glibenclamide, kada ka fara sai likita ya gyara maka adadin. Sukarinka na iya faɗuwa ƙwarai. Masu shan maganin hawan jini ma su tambaya.

Gargaɗi na biyu: babu walimar ban-kwana a tsakiyar wannan lokaci. Cin sitaci mai yawa sau ɗaya yana sake cika ajiyar hanta, wahalar kwanaki ta tafi a banza. Kuma ban-kwanan me? Yawancin abincin da kake so za ka sake ɗanɗana su nan gaba, kaɗan-kaɗan. Idan ka riga ka karya, faɗa wa likitanka gaskiya.

KASHI NA BIYU: BAYAN TIYATA

7. Makonni shida na farko

Tsarin yakan tafi haka, da ɗan bambanci tsakanin asibitoci: ruwa-ruwa na kamar mako biyu, markaɗaɗɗen abinci mako biyu, mai laushi mako biyu, sannan a koma abinci na yau da kullum sannu a hankali. A tiyatar silib ana cire kamar kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi, har da ɓangaren da ya fi samar da girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa. A baifas kuma ana barin 'yar jaka kamar girman ƙwai. Shi ya sa mutane da yawa ba sa jin yunwa ko kaɗan a wannan lokaci.

Amma baki yana kewar tauna, kuma wasu har kuka suke yi don kewar abinci. Ba hauka ba ne. Abin da ka daɗe kana lallashin kanka da shi ne aka ɗauke dare ɗaya. Canza ɗanɗano da zafi ko sanyin abin da kake sha: romo mai ɗumi yanzu, madarar furotin mai sanyi anjima. Bar wajen idan ana cin abin da ke tayar maka da hankali.

Gargaɗi: kada ka tsallake mataki don ka ji sauƙi, ɗinkin ciki bai warke ba. Kada kuma ka fake da "ruwa-ruwa ne ai" ka sha askirim ko lemo. Idan kana amai a kai a kai, koma asibiti da wuri, domin amai mai daɗewa yana ƙarar da bitamin B1, kuma rashinsa na iya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

8. Furotin farko, sitaci ƙarshe

Burinka giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, ko abin da masanin abincinka ya yanka maka. Rabin ƙaramin farantin furotin, mafi yawan ragowar ganye, sitaci cokali ɗaya ko biyu a gefe. Kuma da wannan jerin za ka ci. Wurin kaɗan ne, wanda ya riga shiga shi ke zama. Idan shinkafa ta riga, kifi ba zai samu masauki ba, bayan awa ɗaya kuma kwaɗayi ya dawo.

Loma ƙarama, tauna har ta zama kamar kunu, ajiye cokali tsakanin loma da loma. Minti 20 zuwa 30, sannan ka ɗauke farantin ko da saura. Wannan ɗaukewar tana da muhimmanci: wanda ya bar faranti a gabansa yana tsakura har awa guda zai cinye shi tas, domin tumbin yana sauke kaya yana karɓar wani.

Ban ce ka ƙaurace wa sitaci gaba ɗaya ba. Wake, alkama da ba a cire dusarta ba, hatsin ot, 'ya'yan itace da za ka tauna da kanka, duk suna da wuri, kuma suna maganin taurin bayan gida da ke damun mutane bayan aikin. Kawai kada sitaci ya shiga shi kaɗai, haɗa shi da furotin.

9. Raba ruwa da abinci

Daina sha kamar minti 30 kafin ci (wasu asibitoci 15 suke cewa), kuma jira minti 30 bayan ci. Ruwa yana wanke abinci daga ƙaramin tumbi, ƙoshin ya tafi da wuri. Tsakanin abinci kuwa kurɓi-kurɓi har lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Gorar nan mai awo ta zama abokiyar tafiyarka.

10. Abinci mai sulɓi da kiwon baki

A nan mafi yawan masu dawowar ƙiba suke faɗawa. Bayan tiyata nama da kaza suna zama a ciki da nauyi, loma huɗu ka ji ka cika. Biskit, cakulan, askirim, soyayyen dankali na fakiti kuwa narkewa suke a baki su sulale, ba nauyi ba takura. Sai mutum ya fara guje wa abin da ke cika shi yana komawa ga abin da ke wucewa salin-alin. A haɗa wannan da tsakure daga safe har dare, kamar akuya a makiyaya, za a iya cin kalori mai yawa da tumbin da bai wuce kofin shayi ba.

Lokacin haɗarin yakan fara tsakanin wata 12 zuwa 18, lokacin da raguwar nauyi ta tsaya, yunwa ta fara dawowa, tumbi ya ɗan saki, mutum kuma ya daina zuwa ganin likita don yana ganin ya gama.

Maganinsa shi ne bambanta ƙarin da aka tsara da tsakure. Wanda aka tsara yana da lokaci, yana da awo, yana da furotin, yana da ƙarshe. Da dare ka cika robobinka na gobe: dafaffen ƙwai, yogot marar sukari, yankan cuku, 'yar gyaɗa giram 20 zuwa 30 da ka auna. Abin da ba ya cikin roba ba ya cikin shirin ranar. Kada ka taɓa ci daga cikin babbar leda.

11. Idan kwaɗayin faɗuwar sukari ne

Wannan mataki ya fi shafar masu baifas, ko da yake masu silib ma yakan same su. Idan abu mai zaƙi ya zube cikin hanji da sauri, abu biyu na iya faruwa, likitoci suna kiransu damfin. Na farko yana zuwa minti 10 zuwa 30 bayan ci: murɗar ciki, tashin zuciya, gudawa, bugun zuciya, jiri. Na biyu yana zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan ci: gumi, karkarwa, ruɗewa, da wata irin yunwar zaƙi mai tsanani. Wannan na biyun sukarin jini ne ya faɗi saboda jiki ya saki insulin fiye da kima.

Tarkon a bayyane yake. Ka ci biskit, bayan awa biyu jiki ya hau rawa, ka ƙara biskit ka ji daidai, bayan awa biyu a sake. Mutum ya wuni a haka yana zargin kansa da rashin haƙuri, alhali jininsa ne ke lilo.

Gwada sukarinka lokacin da alamun suka zo, ka rubuta lambar da abin da ka ci kafin nan. Ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram, ko 3.9 a ma'aunin milimol, ya yi ƙasa. Sha kamar giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, misali ƙwayar gulukos ko rabin kofin ruwan lemo, jira minti 15, sake gwadawa, sannan ka bi da furotin don kada ya sake faɗuwa. Awo za ka yi, ba dama ce ta cinye fakiti ba.

Gargaɗi: kada ka tuƙa mota cikin wannan hali. Idan yana maimaituwa, ko ka taɓa suma, kai wa likita littafinka. Akwai magani irin acarbose da ake bayarwa, kuma wanda ke shansa gulukos zalla ne zai ɗaga masa sukari da sauri.

12. Minti goma sha biyar

Idan ka ci abincinka, ka sha ruwanka, sukarinka lafiya, kuma har yanzu cakulan na kiranka, to sabo ne, kuma sabo turken wawa. Kwaɗayi yana hawa, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa idan ba a ciyar da shi ba. Sa agogo minti 15. Kada ka ce wa kanka "ba zan ci ba", ce "sai agogo ya buga". Tashi daga inda kake, domin wurin ma yana cikin abin da ke kiran. Yi abin da ke buƙatar hannu biyu: wanke-wanke, ninke kaya, wanka, zagaya waje, kiran wani a waya. Goge haƙora yana aiki fiye da yadda ake zato.

Koma kan lokutan da ka zagaye a mataki na 1, ka ba kowanne abin yi tun kafin ya zo. "Idan na shigo gida da yamma, zan sa ruwan shayi marar sukari kafin in buɗe firji." Shawarar da aka yanke da safe ta fi wadda za a yanke a gaban firji.

Idan agogo ya buga kana so har yanzu, ɗebi kaɗan, sa a faranti, ci bayan furotin, a zaune, ka ji daɗinsa. Na fi yarda da wannan a kan haramci na har abada, wanda ƙarshensa ci a ɓoye ne. Sai dai kowa ya san abin da idan ya fara ba ya iya tsayawa. Wannan kam kada ya shigo gida.

13. Dare da barci

A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin samari 12 zuwa awa huɗu na dare biyu. Girelin ya hau, leftin mai sanar da ƙoshi ya sauka, kuma abin da suka fi kwaɗayi shi ne kayan zaƙi da sitaci. Nemi awa bakwai. Idan kana da na'urar taimakon numfashi ta masu minshari mai yanke numfashi, ci gaba da amfani da ita har likita ya ce ka daina. Sa wa kicin lokacin rufewa, awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, wanda kuma yana rage ƙwannafi.

14. Idan ka zame, da lokacin komawa asibiti

Abinci na gaba shi ne wurin gyara. Kada ka yi horon yunwa don ramuwa, kada kuma ka koma shan ruwa-ruwa na kwanaki da sunan "motse tumbi", hakan ba ya mayar da shi yadda yake. Ɗauko littafi, yi kwana uku kana rubutu, ka duba abu huɗu bi da bi: furotin ya kai? ruwa ya kai? ana sha a kan abinci? an tsallake wani abinci? Kusan kullum ɓarakar tana ɗaya daga cikinsu.

Wasu abubuwan kuma ba naka ba ne ka gyara kai kaɗai. Je asibiti idan kana jin cizo ko zafi a saman ciki mai kama da yunwa jim kaɗan bayan ka ci, domin yawan asid yakan yi haka kuma yana da magani. Je idan kana kwaɗayin tauna ƙanƙara ko ƙasa, alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. A gwada jininka, kuma ka tuna ana raba ƙwayar ƙarfe da ta kalsiyam da awa biyu. Je idan yunwar ta ƙaru bayan fara wani magani kamar prednisolone, mirtazapine ko olanzapine, amma kada ka daina sha da kanka. Je idan kana ci har ka ji ba ka iya tsayawa, ko kana tashi tsakar dare don ci, ko kana jawo amai da gangan, ko baƙin ciki ya zauna maka; likitan halayyar ɗan Adam yana cikin tawagar wannan tiyata tun asali. Wanda ke shan giya ya sani cewa bayan baifas tana shiga jini da sauri ƙwarai, kuma haɗarin kamuwa da jarabarta yana ƙaruwa.

Idan nauyi yana hawa wata uku a jere duk da ka gyara waɗannan, nemi a duba tumbin da kyamara ko hoto, ka kuma tambayi likita ko alluran rage ci irin Wegovy sun dace da kai, domin yanzu ana ba wa wasu da aka riga aka yi wa tiyata. Tafi da littafinka na kwana bakwai da jerin duk magungunan da kake sha.